Ɗan "u" ɗin da Kaka ya koya wa mahaifiyata

Duk sanda na ji ƙanshin kifi a mai, sai in gan ni a saman rufin gidanmu na unguwar Faisal a Alƙahira, ina 'yar firamare. Can kakana na wajen uwa yake suya da la'asar, ƙarar hon ɗin motoci na tasowa daga titi. Bahaushen Sudan ne. Da ƙuruciya ya yi aikin kuku a jirgin ruwan mutanen Norway, ya tsinci yarensu a bakin murhu.

A wani lokacin zafi, mahaifina da ya riga mu zuwa Norway ya samo mana izinin bin sa. Sai mahaifiyata ta tsorata. Ta gwada koyon yaren, ya ƙi shiga. Ranar nan ta hau rufi idonta jawur.

"Baba, khalas, magana ta ƙare, ba za ni ba. In je in zama kurma cikin mutane?"

Kaka ya juya kifinsa tukuna. "Zauna, 'yar nan. Aboki a wurinsu *venn*. Wanda kuka ɓata da shi, *uvenn*. Me aka ƙara?"

"U."

"Shi ke nan. Mu sai mun sa 'ba' gaba da baya. Su wannan ɗan abin suke liƙawa, magana ta juye."

Ya ce wani injiniyan jirgi ya gaya masa asalinsa *un* ne tun kakannin kakanni, irin wanda Turanci ke da shi har yau, bakinsu ya cinye "n" ɗin. Maƙwabtansu na Sweden kuma "o" suke cewa.

"To, *lykke* sa'a ce. Haɗarin mota fa?"

Ta ce, "*Ulykke*?"

Kaka ya buga cokali a kasko. "Tamam! Kalma ɗaya na ba ki, kin tashi da biyu."

Ta yi dariya tana share hawaye. Kullum la'asar suka riƙa zama, har sanyi ya shigo muka tashi. Shi ya ƙi bin mu, ya ce ya gama da teku. A Alƙahira aka binne shi.

Bara na koma Faisal, na tarar an ɗora benaye a kan rufin, ban ma gane ƙofarmu ba. Na kira mahaifiyata in gaya mata, ta ce in yi haƙuri sai anjima. Tana asibiti can Norway, tana yi wa wata baƙuwa mai naƙuda tafinta.