Littattafan Leocadia

Eufemio Baca ya shekara talatin yana gyaran motoci a mahaƙar tagulla, can kudancin jihar New Mexico ta Amurka. Da aka rufe mahaƙar, ya koma filinsa cikin hamada, daga shi sai tsohuwar a-kori-kura sai taurin kai, don wannan kam an ba shi da yawa.

Matarsa Leocadia malamar firamare ce har ta yi ritaya. Da mantuwa ta fara kama ta, 'yarsu Nieves ta tafi da ita birni, ta ce ba za ta dawo da ita wannan gidan kwano mai sanyin tsiya ba sai an gina ɗaki na kirki.

Da hannunsa ya haɗa injin kwaɓi. Ya ɗora kwamin shayar da shanu kan tayoyin bayan wata matacciyar mota, ya sa wuƙar yankan ciyawa a ciki. Sai a zuba ruwa da tsoffin jaridu da siminti a ja da mota, tayoyi na juyawa wuƙa na markaɗe takarda, a juye a buga bulo. In ba a ja ba, ba ya motsi. Shi ya sa kullum Eufemio na bisa hanya, a hankali kamar mai rakiyar gawa, ya je ya dawo.

"Matafiyi!" in ji maƙwabcinsa Cleofas daga bakin shinge. "Yau ma ba a isa ba?"

"Rufe mana baki, tsohon banza. Kai me ka taɓa ginawa ban da tumbi?"

Saura layi uku bango ya kai, jaridar garin ta daina fitowa. Ya bi gida-gida yana roƙon kwalayen ƙwai, ba su kai ko'ina ba. Sai idonsa ya faɗa kan kwali goma sha ɗaya a rumfa, cike da littattafan da Leocadia ke rubuta abin da ya faru kowace rana tun suna amarci. Ya ce a ransa ai don ita ake yi. Ya juye su duka cikin kwamin, ya ja mota.

Ran Lahadi Nieves ta kawo mahaifiyarta ganin ɗaki. Leocadia ta dube shi da fara'a ta ce, "Sannu da aiki, malam. Kai ne maginin?"

Eufemio ya juya ya dubi Nieves.

"Kada ka damu, Baba," in ji Nieves. "Ni ma haka take yi mini. Amma akwai littafinta guda a wajena, da ta karanta rubutun hannunta sai ta kira sunana. Ɗauko sauran, waɗanda kake ciki."

Eufemio ya ɗaga kai ya dubi layi ukun ƙarshe na bangon.

Leocadia ta shafa bangon da tafin hannunta.

"Kai, ɗakin nan da ɗumi yake," ta ce. "Wa aka gina wa?"