Ranar da Ya Durƙusa wa Baba

Mijina ba haifaffen Sudan ba ne. Daga ƙasar Katsina ya taso zai tafi hajji ta ƙasa, ya yada zango a Umdurman, ya kama ɗinki, ya aure ni. Mu kuwa kakanninmu ne suka zo. A gonakin auduga na Jazira aka haifi Baba, yana da jinsiyyarsa, takardar shaidar ɗan ƙasa. Shi mijina iƙama gare shi, takardar izinin zama, kuma wa'adinta ya ƙare tun ina da cikin fari. Ya yi ta sintiri ofis don a sabunta, kullum a ce ya dawo gobe, har ya haƙura.

Zamanin soja ne, zamanin kasha. Mota ce za ta tsaya tsakiyar kasuwa, 'yan sanda su diro da bulala da guntayen tiyo, su kwashe masu shayi da masu talla da duk baƙon da ba shi da takarda. Baƙon da aka kama, sai kan iyaka. Don haka na zauna na gyara mijina. Na raba shi da hularsa, na sa masa jallabiya da rawani irin nasu, na koya masa miƙa hannu a tsaye da dafa kafaɗa. Larabcinsa ya nuna, ba mai gane baƙo ne. Abu guda ya gagare ni. In ya ga Baba, sai ya tuɓe takalma ya durƙusa. Na yi faɗa har na gaji, ya ce shi ba a haife shi a gidan da ake gaida suruki a tsaye ba. Taurin kai kamar jakin mai ruwa.

Ina sayar da shayi a kasuwar Suk al-Shabi, gefen tashar mota. Ranar, da hantsi, ya kawo mini gawayi, yana tsaye yana shan shayi, sai kasha ta faɗo. Wani ya shure murhuna, tafasasshen ruwa ya kwaranyo mini a ƙafa, kofuna suka tarwatse. Maƙwabciyata mai sayar da wainar kisra aka ja ta da mayafi har ƙasa. Aka jera maza, ana duba fuska. Suka dubi mijina, ya amsa musu da Larabci, suka ture shi gefe. Wallahi ya tsira. Na manta da ƙunar ƙafata don murna.

Daidai nan Baba ya sauko daga motar unguwar Dar Salam da sandarsa, bai san abin da ake ciki ba. Na ga mijina ya sunkuya wajen takalmansa. Ya durƙusa, ya ce, “Baba, barka da hantsi.”

Wani ɗan sanda ya juyo yana dariya, ya ce ba ɗan ƙasar nan da ke gaisuwa haka. Ya nemi iƙama. Kafin a ba shi amsa ya sa masa takalmi a ƙirji. Su uku suka rufe shi da tiyo, rawanin ya warware, jini ya ɓalle daga kunnensa ya jiƙe farar jallabiyar da na wanke da hannuna. Baba ya fito da jinsiyyarsa yana cewa surukinsa ne, a bar shi. Aka buge masa baki da gindin bindiga, haƙoransa biyu suka faɗi a ƙasa. Ni na cakumi rigar ɗaya ina zaginsa da Hausa da Larabci, aka zabga mini bulalar da har yau tabonta na wuyana. Suka jefa mijina mota kamar buhun albasa. Takalmansa na nan a jere inda ya tuɓe su, na kwashe.

Mun bi ofis-ofis har muka ji an tasa ƙeyarsu yamma. Saƙonsa ya zo daga Cadi, daga baya ya daina zuwa. Na ji haushinsa, na kuma yi kewarsa, har yau ban raba su ba.

Da sallah ta zo, ƙanena ya shigo gaida Baba, ya fara lanƙwasa gwiwa. Baba ya kai masa sanda a ƙafa, ya ce, “Tashi. Kada wanda ya ƙara durƙusa mini.” Har ya rasu, a tsaye muke gaida shi.