Haƙorin da Sairusi Bai Kai Ba

Unaisi tana 'yar shekara tara ta fara jin sunan kakanta, a bakin wata tsohuwa mai sayar da rogo a kasuwa.

"Ke ce jikar Sairusi? Ajiye min rogona, 'yar gidan masu dogon kunne."

A gida kuwa Kaka kawai ake ce masa.

Sairusi soja ne. Da ya dawo daga aiki a ƙetare, gwamnati ta ba shi ɗaki ɗaya da mutum uku, ta ce ya kafa ofishin leƙen asiri. Ya san inda mutanen tsibiran nan suke sakin baki: gaban akushin yaqona, abin shansu na gargajiya da ake jiƙawa daga dakakkiyar saiwar wani tsiro. Sai ya koya wa mutanensa su shiga ƙauye da saiwar yaqona a hannu kamar kowane baƙo, a tafa, a karɓa, su zauna su kasa kunne.

Da aka ce ana ƙulla bore a ƙauyen mahaifiyarsa, da kansa ya je. Ɗan kawunsa Waisale, malamin makaranta, shi ya miƙa masa ƙoƙo.

"Sha, ɗan gwamnati! Ko kaki ya hana ka lanƙwasa gwiwa?"

"Kai dai bakin nan naka ne zai kashe ka," in ji Sairusi, suka tuntsire da dariya.

Waisale ya zagi ministoci son ransa. Sairusi ya koma birni ya rubuta sunansa, a zatonsa jan kunne kawai za a yi masa. Ranar Talata motar hukuma ta ɗauke Waisale. Bayan sati biyu aka dawo da gawarsa a akwati.

Ƙauyen bai kai ƙara ko'ina ba, sun dai daina karɓar saiwa daga hannun 'yan gidan Sairusi. Shi ma bai sake shan yaqona ba. Ya ce ko wa ya miƙo ƙoƙo, hannun Waisale yake gani, da farin alli a yatsu.

Ya nemo tabua, haƙorin ƙaton kifin teku da ake roƙon gafara da shi, ya naɗe a tsohon kakinsa. Sau uku yana zuwa bakin jirgin ruwan da ke zuwa ƙauyen yana juyowa.

Unaisi ta gama sakandare ke nan ya kira ta, ya ɗora mata ƙunshin a cinya.

"Jikata, kar ki bari a binne ni da wannan. Ki kai wa matar Waisale. In ta ƙi karɓa kar ki roƙe ta. Ki dai tsaya har ta gama faɗin abin da ke bakinta."