Sunayen da Baba Chimwaza Ya Fitar Daga Wuta

Kafin a kaɗa ƙararrawar safe, Baba Laston Chimwaza ya riga ya shiga maƙabartar tsohuwar cocinmu ta bakin tafki da tsintsiya da bokiti. Kaburburan dutse na Turawan mishan yake fara wankewa, don su hukuma ta sa cikin kayan tarihi, su aka ɗauke shi ya kula da su. Daga nan sai ya gangara can baya, inda kakanninmu suke kwance, kowa da gicciyensa na itace. Wannan kam ba wanda ya sa shi.

Matarsa Nabanda takan tsokane shi: "Tsoho, matattu sun fi ni ganin fuskarka."

"Ai su ba sa mita," in ji shi.

Kowane rani masu farautar ɓeraye kan cinna wa ciyawa wuta, shi kuwa tun kafin su fara yakan nome kewayen maƙabartar tas. Wata shekara iska ta juya, wutar ta tsallako. Mata masu sayar da kifi sun ga komai. Suka yi ta ihu: "Baba, duwatsun! Za fa a kore ka!"

"Dutse zai jira," ya ce, ya ruga baya.

Sunayen kakanninmu a jikin itacen nan kaɗai suke, in ya ƙone shi ke nan. Ya dinga tumɓuke itatuwan yana jefawa bayan katanga, wasu suna ci da wuta a hannunsa. Dutse ɗaya ya tsage, hukuma ta yi masa faɗa. Ana naɗe masa hannuwa Nabanda tana kuka: "To yanzu wa zai san inda kowa yake?"

"Maƙwabtana ne," ya ce. "Ni zan nuna, ku kafa."

Baba, kai ne ka sa har yau nake tsayawa a kan kabarin kakata in kira sunanta, kuma duk sanda na tuna sai idona ya ciko. Mun gode, Allah ya saka.

A watan nan ya ajiye aiki, yatsunsa ba sa iya riƙe fartanya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma nasa sun daɗe suna ɗaukar tamu. Jiya na gan shi tsaye yana kallon ciyawar maƙabartar ta kai gwiwa, ta fara bushewa. Jama'a, kada mu bari sai ya roƙa. Ranar Asabar kowa ya fito da fartanyarsa.