Dubu da Ɗaya a Tabarmar Inna

Shekarata ta farko da koyarwa a wata makaranta a unguwar Zariya ta Maraɗi, aka ce mini ranar Litinin mai duba malamai zai shigo ajina. Abin da ya rubuta a kaina shi zai sa a tabbatar da ni a aiki ko a ce in sake shekara. Darasin kuwa a kan lambobi masu taurin kai ne, waɗanda ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu, irin su bakwai da goma sha uku.

Ni da son burgewa, na ce ƙananan lambobi ba su ishe ni ba. Na zaɓi dubu da ɗaya. Na gwada ta da biyu, ta ƙi. Na gwada uku da biyar, duk ta bar saura. Shi ke nan na rufe littafi, ina jin babu kamata a Maraɗi.

Ranar Asabar na hau kabu-kabu zuwa Jiratawa gaida Inna. Na tarar da ita bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa a tabarma. Bakina bai iya shiru ba.

"Inna, na samo lambar da duk duniya ba mai iya raba ta daidai. Dubu da ɗaya."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Auta, ku bakwai na haifa. Ban taɓa ganin abin da ya shigo gidan nan ya gagare ni rabo ba. Ƙirgo mini."

Na yi dariya har da riƙe ciki, na zauna ina ƙirga gyaɗa biyar-biyar har dubu, na ɗora ɗaya. Ta share tabarma da gefen hannu, ta fara ajiyewa wuri bakwai, tana kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya daga babbar yayarmu har kaina, yadda take yi da naman Sallah. Ina zaune ina jiran saura.

Wallahi ko ƙwaya ɗaya ba ta rage ba! Ɗari da arba'in da uku kowane kashi. Na jawo kashina na sake rabawa, sai ga shi ya tashi sha uku-sha uku har wuri goma sha ɗaya. Ashe bakwai ce da sha ɗaya da sha uku suka haɗu suka haife ta. Da na rubuta wannan shirme a allo gaban baƙo, da na kaɗe.

"To, Mushe malamin boko," in ji Inna, "a lakwal ɗin, makarantar taku, ba a kai ku bakwai ba ne?" Ta yi ta dariya har tana share hawaye da bakin zane.

Ranar Litinin da buhun gyaɗar na shiga aji. Na tambayi yara ko dubu da ɗaya za ta rabu, suka ce a'a baki ɗaya. Na zube ta a tebur, yara bakwai suka fito suka raba, aji ya kaure da ihu da ta tashi daidai. Mai dubawa, dattijo mai furfura, ya bar kujerarsa ya zo yana leƙe.

Da aka tashi ya sa hannu a takardata, ya ce an tabbatar da ni. Ya tambaye ni a wane littafi na samo wannan dabara. Na ce masa mahaifiyata ce, kuma ba ta taɓa riƙe alli ba. Ya cire tabarau ya dube ni.

"In ka je, ka ce ɗalibinta yana gaishe ta."