Littafin Baba Gwadabe da Takardun Ƙosai

Duk Madabo an san mahaifina, Baba Gwadabe mai gyaran rediyo. Yana saurayi ya yi shara a filin jirgi, inda wani Bature injiniya ya bar masa tulin mujallu. Daga nan ya kamu da son jiragen yaƙi masu injin jet na farko-farko, waɗanda aka ƙera don farautar abokan gaba cikin duhu. Mutumin da ko Zariya bai taɓa zuwa ta sama ba!

Shekara arba'in yana rubuta tarihinsu da Hausa cikin wani ƙaton littafi mai baƙin bango. Ka kawo gyaran rediyo, sai ka sha labarin jirgin Ingila mai dogon hanci, inda aka cusa na'urar hango jirage. Wai mutum biyu ne ciki: matuƙi a gaba, mai duba na'ura a baya. Mu 'ya'yansa har gudu muke yi in ya fara.

Bara idonsa ya tafi gaba ɗaya. Ana jibi Sallah na shiga gyaran ɗakinsa, raina a ɓace saboda ƙura da kyankyasai. Na tattara takardu buhu guda na ba 'Yardada mai ƙosai, ban ko duba ba. Sai bayan sati ya ce, "Bahijja, ɗauko littafina ki karanta mini."

Na ruga gidan 'Yardada ko mayafin kirki babu. Bango kawai na tarar, ya sha mai. Wallahi a zauren na zauna na yi kuka.

Na kasa faɗa masa. Na ɗauko tsohon littafin lissafi na makarantar boko, na zauna gabansa ina jero abin da kunnena ya riƙe tun ina yarinya. Kullum bayan la'asar haka muke yi. In na yi kuskure ya gyara, har ya ce tsufa ne ya sa ya rubuta ba daidai ba. Wannan maganar ta fi komai ci mini rai.

Jiya ya tsayar da ni tsakiyar karatu.

"Kin san me ya sa nake son jiragen nan? Matuƙi ba ya ganin komai. Abin da na baya ya faɗa, shi ke nan, a kai zai ɗora ransa." Ya lalubo hannuna ya riƙe. "Yanzu ke ce ta bayana. Juya shafi, uwata."

Na juya shafin lissafi, na ci gaba.