Shirun Da Na Yi Don Yayana

A shekarar 1987 ina matar aure mai ɗa ɗaya, ina kawo citta da doya daga Fadan Kagoma zuwa kasuwar Kafanchan. Kusa da rumfata akwai wata dattijuwa Musulma mai sayar da manja, da Inna nake kiranta. Ita ke riƙe mini jaririna in ciniki ya yi yawa. Mijinta tela ne, shagonsa na bayanmu.

Ranar da rikicin addini ya tashi, da idona na ga yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ɗaga taɓarya ya sauke a hannun telan nan har sau biyu. Hannun bai sake riƙe almakashi ba. Da aka zo bincike, Inna ta ce ina wurin, na ga komai. Na dubi ƙasa na ce ban ga kowa ba. Ba ta zage ni ba. Ta dai kwashe garewaninta ta koma can ƙarshen layi. Shekara shida ina zagaye wannan layin. Ina waƙa a zumuntar mata kowace Lahadi, amma in fasto ya kai kan shaidar zur sai in ji kamar sunana zai kira.

Daga baya matan kasuwa, Kirista da Musulmi, suka fara zama duk Laraba da yamma a gindin wani mangwaro. Ba hukuma ce ta sa su ba. Wadda aka cuta ta faɗi abin da ya same ta, a saurara ba mai katse ta, sannan a duba abin da za a iya yi mata. An sake rufa wa wata gwauruwa ɗaki, an kai wata asibiti. Na je ne don kada a ce ban zo ba. A zama na uku Inna ta tashi. Ta ce hannun mijinta ta bar wa Allah, abin da ke hana ta sakewa shi ne an mayar da ita maƙaryaciya a kasuwar garin da aka haife ta. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce gaskiya Inna ta faɗa, ni ce na yi ƙarya, kuma yayana ne ya daki mijinta. Inna ta dube ni, sannan ta ce, "Zauna, 'yar nan, ƙafarki na rawa."

Matan suka kai magana gaban dattawan unguwa, da liman da fasto. Aka kira yayana. Ya fara musu, har telan ya naɗe hannun rigarsa ya nuna masa, sai yayana ya fashe da kuka. Telan ya ce ba ya neman a ɗaure kowa, so yake a faɗa a gaban jama'a. Yayana ya faɗa. Aka yanke zai noma wa gidan telan doya damina uku, kuma ya noma. Ni kuwa ya yi shekara biyu bai amsa gaisuwata ba, mahaifiyarmu ta ce na sayar da jinina. Sai ranar bikin ƙanwarmu ya turo mini kwanon tuwonsa, muka ci tare.

Yau hankalina kwance yake, na gode wa Ubangiji. Amma shekara shidan da na sa tsohuwa ta ɗauki sunan da ba nata ba, ba ni da ikon mayar mata da su. Mai karatu, in ka ga an cuci wani ka yi shiru don mai cutar naka ne, ka sani hannu biyu ne suka yi dukan, kuma ɗayan naka ne. Ka faɗa tun wanda aka cuta yana da rai da zai ji.